Gurbin Kwalekwalen Baba

Lamisula, Maiduguri

Mijina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwan Legas? Mu nan lafiya lau, sai dai mahaifiyarka, Iya. Har yanzu loma biyu take yi ta ture kwano, kamar yadda ta saba tun da aka kore ku daga garinku na bakin Tafkin Chadi, aka baro kabarin Baba a can.

Amma ga labari! Malama Gloria, mai koyar da tarihi a makarantar bayan gidanmu, ta kira aikin gayya. Garinku muke ginawa da laka a tsakar makaranta, 'yan gidaje kamar na wasan yara, don waɗanda aka haifa a nan su ga inda iyayensu suka fito. Kowane tsoho sai ya zo ya nuna gidansa. Ni ce mai kwaɓa laka. Littattafan soyayyata duk na jingine su, hirar tsofaffin nan ta fi su daɗi. Na roƙi Iya ta zo, ta ce ba ta wasan ƙasa da garin da ya mutu.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Munira

Hasken idona,

Bayan gaisuwa mai yawa, ga labari mai daɗi! Tun da Iya ta ƙi zuwa, sai na gina gidanku yadda nake mafarkinsa: bene, da taga mai kallon ruwa. Da na ba ta labari, mayafi kawai ta yafa, wai sai ta ga wannan ƙarya da idonta.

Ta cire takalmi, ta shiga garin, ta take benena da ƙafa ɗaya. Sannan ta durƙusa ta gina ɗakuna biyu da rumfar banda, tana kiran sunayen maƙwabta, tana dariya. Iya fa, dariya! Da muka dawo ta cinye burabusko da miyar kifi, ta nemi ƙari.

Saura abu guda. A bakin gaɓa kowa ya ajiye ɗan kwalekwalensa na itace, Iya ta bar gurbi. Na Baba yana ƙulle a bakin zanenta, ta ce ɗanta ne kaɗai zai ajiye shi. Na san ba ka son jin ko sunan tafkin, shi ya sa ka yi nisa. Amma ina tsoron ta koma ture kwano. Ranar Asabar za a zuba ruwa a ramin da muka haƙa a matsayin tafkin. Don Allah ka zo.

Mai jiranka,
Munira

Mijina,

Ina fatan ka koma Legas lafiya. Har yanzu unguwa zancenka take, yadda ka shigo da ƙurar mota a ka, ka durƙusa ka ɗora kwalekwalen Baba a ruwa, ya kife, Iya ta yi maka faɗa wai tun kana yaro ba ka iya tura jirgi ba. Kowa dariya ya yi. Ni kaɗai na ga ka goge ido da hula.

Yanzu kullum tana makaranta, yara sun kewaye ta. Jiya ma ta ce tuwona ya yi kaɗan.

Ka manta takalminka, lakar garinku duk a jiki. Ban wanke ba. Ka zo ka ɗauka da kanka.

Matarka,
Munira