Wace Manhaja Zan Ba Amanar Inna Talatu?

Anti Sakina, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake na san wasiƙata ba irin waɗanda kika saba karɓa ba ce. Ba miji ne ya ɓata mini rai ba, ba kuma danginsa ba. Wata tsohuwar laftof ce ta jefa ni tsaka mai wuya, kuma da hannuna na jawo.

Ni ma'aikaciya ce a jami'ar nan ta Wudil, kuma tun ina yarinya nake da karambani. Duk abin da ke da maɓalli sai na danna na ga abin da zai yi. Bara na lura faya-fayan bidiyon danginmu, na biki da suna da walimar sauka, suna ta lalacewa cikin kwalaye, sai na bi gida-gida ina karɓowa ina kwafewa a laftof ɗin. Ana cikin haka na ji wai akwai manhajojin da ke mayar da kwamfuta rumbun gida: ta zauna a lungu a kunne, kowa ya buɗe waya ko talabijin ya zaɓi abin da zai kalla, ba sai ana yawo da filash ba. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba.

Uku na gwada. Plex ita ce mai kwalliya, tana jera bidiyo reras kamar shagon atamfa, amma sai an buɗe asusu a wajen kamfaninta ta intanet, wasu abubuwan kuma sai an biya. Jellyfin kyauta ce, ba ta neman asusu a wajen kowa, ko data ta ƙare tana aiki a cikin gida muddin akwai wuta. Matsalarta ita ce komai kai za ka ɗaura mata, musamman in kana son na nesa su gani. Emby kuwa na rasa inda zan ajiye ta, ta ɗan ɗauko nan ta ɗan ɗauko can. Gaskiya duk ukun burge ni suke yi. Yau in saka wannan, gobe in cire in saka waccan, har maigidana ya fara tsokanata wai tun da na kama wannan bincike miyar gidan ke ƙauri.

Ga inda gizo ke saƙar. Cikin faya-fayan akwai na kamun bikin Yaya Mas'uda, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu. Mace ce ta ɗauka, a tsakar gida, mata zalla, an ajiye mayafai ana kiɗan ƙwarya ana rawa. A ciki ne kaɗai muke da hoto mai motsi na mahaifiyarta, marigayiya Inna Talatu. Ita ce ke ba da waƙa, tana yi tana tsokanar Ummanmu har Umma ta rufe fuska don dariya. Na kalla ya fi a ƙirga, kuma ko yaushe sai na yi hawaye. Da ƙyar faifan ya kwafu, daga nan bai sake tashi ba, wato wanda ke wajena shi ne ya rage a duniya.

Da ƙanina Garzali, mai aiki a Fatakwal, ya ji labarin rumbun, sai ya yi murna ya sanar a zauren dangi na waya cewa kwanan nan kowa zai kalli tsoffin bukukuwa daga inda yake. Ya ce in zaɓi Plex, kuma in ba shi asusun shugaba, wato mai iko da duk rumbun, ya saita mini komai daga can, tunda ya fi ni sanin abin. Ko awa ba a yi ba Yaya Mas'uda ta kira ni. Ta ce amana ta ba ni faifan, don matan da ke ciki ba su yi rawar nan don idon mazan dangi da surukai ba, wasu yanzu matan malamai ne, wasu sun rasu. Ta ce ko dai in tabbatar mata babu namijin da zai gani, ko in goge a gabanta ranar da za ta zo kasuwar Juma'a. Wai gara ta rasa muryar uwarta da ta tsinci uwarta ba mayafi a wayar wani.

Ban ga laifinta ba, Anti, amma ba na son a goge shi. Umma tana Lajawa, idonta ya fara rauni, kuma ba ta ma san bidiyon ya tsira ba. So nake sai na gama shirya komai tsaf in ba ta mamaki. To wacce cikin ukun ce za ta iya riƙe sirri? Akwai wadda zan rantse wa Yaya Mas'uda a kanta ban yi kaffara ba? Kuma yaya zan yi da Garzali, wanda da zuciya ɗaya ya yi tayin?

Taki,
Mai Karambani, Wudil

*

Wa'alaikumus salam, Mai Karambani. Allah ya jiƙan Inna Talatu, ya sa can ta fi mata nan. Karambanin da ya ceto muryar mamaciya daga bakin ɓata ba abin kunya ba ne, don haka ki daina zargin kanki.

Na yi tambaya wajen waɗanda suka san harkar, kuma amsarsu ɗaya ce. Duk manhajojin uku suna ba ki damar raba bidiyo ɗaki-ɗaki, ki buɗe wa kowa asusunsa, ki zaɓar masa ɗakin da zai shiga. Ta nan ba su da wani babban bambanci. Amma a cikinsu duka, wanda ke riƙe da asusun shugaba yana ganin kowane ɗaki. Ashe tambayar ba ta manhaja ba ce, ta mai riƙe da mabuɗi ce. Ranar da kika miƙa wa Garzali wannan asusu, kin karya alkawarin Mas'uda ko da bai taɓa leƙawa ba. Ki gaya masa haka kai tsaye, cikin raha. Ɗan gidan ne, ya san ko a zahiri ba ya kutsawa tsakar gida ranar kamu. In yana son taimako, ya koya miki ta waya, hannunki ne zai danna.

Shi ma yana da gaskiyarsa. Mutum yana can bakin teku yana kewar gida, ba laifi ba ne ya so ganin sunan 'ya'yan 'yan'uwa da walimar sauka. In don wannan ne, Plex ɗin da ya zaɓa ta fi sauƙin kai wa na nesa. In kuwa abin da kika fi so shi ne rumbu a cikin gida, ba ruwanki da data ko asusun kamfani, Jellyfin ta fi dacewa da ke, kuma mai son kwance abu ta ɗaura irinki za ta ji daɗinta. Da ni ce, da ita zan fara. Ki tsaya a kan ɗaya, ki bar miyar bawan Allah ta huta.

Rantsuwa kuwa kada ki yi. Babu manhajar da za ta hana wani ɗaga waya ya ɗauki abin da ke kan allo. Talabijin ɗin falo ma takan zauna a kan asusun wanda ya kalla na ƙarshe, baƙon maigida ya ɗauki rimot ya faɗa inda bai nufa ba. Tsoron Mas'uda ba na banza ba ne. Saboda haka bidiyon kamun kada ya shiga rumbun sam. Ki cire shi daga laftof ɗin, ki sa shi a filash biyu masu kyau. Ɗaya ki damƙa wa Mas'uda, don kayanta ne tun asali, ɗayan ki roƙe ta ta bar miki ajiya saboda halin lalacewa. Ranar Juma'ar da ta zo, ki zaunar da ita ki buɗe rumbun ɗaki bayan ɗaki, ta duba da idonta ta ga babu shi. Gani ya kori ji.

Saura laifinki guda, kuma zan faɗa miki shi don ina ƙaunarki. Kin shagala da auna manhajoji, kin bar tsohuwa mai raunin ido tana jiran abin da ba ta san yana nan ba. Mamakin da kike tanadi zai iya jira, idon Umma ba zai jira ba. Da kun gama da Mas'uda, ku hau mota ɗaya ku nufi Lajawa da laftof mai cikakken caji da filash ɗin a jaka. Ku sallami mazan gidan zuwa zaure, ku saki labule, ku ƙara murya. Umma ba ta san Plex ba, ba ta san Jellyfin ba, amma daga baitin farko za ta gane ƙanwarta.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Umma lafiya. Ku tafi da hankici uku.

Anti Sakina