Na Zargi Yayana, Ashe Wayar Ce Ke Kunna Kanta

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Ni magidanci ne, na baro iyali a gida na zo nesa ina aiki a kamfanin wanki da guga na otal-otal. Ɗaki ɗaya muke kwana da wani bawan Allah da ake ce wa Dogo. Ya girme ni, Yaya nake kiransa. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya koya mini injin guga, kuma lokacin da tururin injin ya ƙona mini hannun dama, shi ya riƙa wanke mini ciwon, har kayana yake haɗawa da nasa ya wanke.

Ƙunar nan na ɓoye wa matata don kada hankalinta ya tashi. Kwatsam sai ga ta tana tambayata ya hannu. Na rasa wanda ya kai mata labari. A daidai lokacin kuma na lura da wani abu. Kullum kafin in kwanta nakan jawo allon wayata in kashe waifai da bulutut don caji ya kai ni, amma da safe sai in tarar da su a kunne. In kashe, in tarar. Sai zuciya ta raya mini Yaya ne yake dangwala yatsana ina barci, ya buɗe wayar, ya yi bincikensa, har ya ɗauki lambar gida. In zaman nesa ya ishi mutum, kowa abin zargi ne a wurinsa.

Da a ɗaki na tambaye shi da sauƙi. A wurin cin abincin rana na fasa maganar, gaban ma'aikata, waɗanda ba sa jin yarenmu ma sai da aka fassara musu. Na ce munafuki ne, na ce furfurarsa ba ta amfane shi da komai ba. Ya rufe kwanonsa, da yamma ya naɗe katifarsa ya koma ɗakin direbobi.

Washegari na tashi ni kaɗai, ƙofa da sakatarta ta ciki, waifai da bulutut suna nan a kunne suna kallona.

Da na bincika, ashe haka wayar take. Maɓallin da nake taɓawa a allon ba kashewa yake yi ba, raba ka kawai yake yi da abin da ka jona, gari na wayewa ta mayar da kanta. Malam, wannan wane irin rainin hankali ne? Da guminka ka sayi abu, ka ce masa kwanta, ya yi lamo, kana juya baya ya miƙe. A wurin aiki ba ni da ta cewa, lokacin barcina ma wani ke yanke mini, yanzu wayar aljihuna ita ma ba ta jin maganata. Amma gaskiya ɗaya ce, waya ba ta zagi kowa ba, ni na yi zagin.

Yanzu na ji Yaya ya nemi a mayar da shi wani reshe, ƙarshen makon nan zai tafi. In na hango shi sai in sake hanya. Na rubuta saƙo na goge ya fi a ƙirga. Ta ina zan fara?

Naka,
Mai Ƙunar Hannu

Ɗan'uwa Mai Ƙunar Hannu,

Sannu da zaman nesa, Allah ya ƙara sauƙin hannu.

Bari mu sallami wayar tukuna. Masu ƙera irinta suna da hujjarsu: sun ce yawancin masu taɓa maɓallin nan na ɗan lokaci suke nufi, sai su manta, datarsu ta ƙone ko abin sauraron da suke maƙalawa a kunne ya ƙi kamawa. Masu ƙorafi kuma sun ce abin da mai waya ya kashe ya zauna a kashe. Ni ina tare da ku, ko ba komai a faɗa wa mutum ɓaro-ɓaro. Maganin dai mai sauƙi ne: shiga cikin saitin wayar ka kashe su daga can, in akwai wurin da aka ba ta izinin kunna kanta ka cire.

Batun maiɗakinka, ka tambaye ta. Ba zan yi mamaki ba in ta ce a kiran bidiyo ta ga ka koma riƙe waya da hagu. Mace ta san hannun mijinta.

Saura Yaya. Ka bar rubuta saƙo, ka taka ka same shi a ɗakin direbobi yau ɗin nan. Kada ka fara da labarin maɓalli, zai ji kamar kana neman wanda za ka ɗora wa laifi. Ka ce ka yi masa ƙazafi, ka nemi gafara. Gobe kuma ka miƙe a wurin cin abincin nan ka wanke shi, kuma wanda ya fassara zagin shi zai fassara ban haƙurin.

Kada ka matsa masa ya fasa tafiya, wannan nasa ne, ya fi ka sanin yadda maganar ta yi masa ciwo. In ya zauna, alhamdu lillahi. In ya ce sai ya tafi, kai za ka ɗaukar masa katifar zuwa mota, da hannun nan da ya yi jinya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya mayar da ku gida lafiya.