Jakar da Ban Zazzage Ba

Malama, don Allah ki taimake ni, autata na shirin raba ni da injin sharar gidana.

Ni tsohon tela ne, yanzu a falo nake ɗan ɗinkina. Injin zuƙar ƙurar nan na uwar 'ya'yana ne, Allah ya jiƙanta. Irin na da ne, ƙarfe zalla, da jakar yadi a baya wadda take kumbura in an kunna. Ya girmi autar tamu. Da hantsi marigayiya take jansa, ta bi ƙarƙashin keken ɗinkina tana kwashe zare da ƙyallaye, tana mitar wai ni da akuya ba mu da maraba wajen ɓata wuri. Tana shara tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, a zatonta ƙugin injin ya rufe muryar. Ban taɓa gaya mata ina ji ba.

Tun da ta rasu ban zazzage jakar ba. Hodarta da turaren mayafinta duk sun kama yadin. In na kunna ya ɗau ɗumi, sai ƙamshin ya taso a hankali ya cika falon. In lumshe ido, labule na motsi, rana ta kwanta a kan darduma, in ji kamar tana ɗaki na gaba, yanzu za ta leƙo ta ce in ɗage ƙafa. Wata rana ba abin sharewa ma, jingina shi nake da kujera, yana yi ina saurare.

To yanzu zafi yake har ba ya taɓuwa, ƙugin ya koma kuka siriri, zare ɗaya ma ba ya ɗauka. Shekaranjiya autar ta shigo ta ji ƙauri, ta fizge wayar daga bango, ta yi ta faɗa har da hawaye. Ta ce zuwanta na gaba da sabo za ta zo, wannan kuma sai masu sayen tsohon ƙarfe. Na ga sababbin, roba ce mai ihu. Wallahi tsoro nake ji falon ya yi shiru. Yaya zan yi?

Tela mai kewa

Baba Tela, Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara maka haƙuri.

Autarka ta fi ka gaskiya a kan ƙaurin nan. Falo cike da yadi da zare, ga inji na toyuwa, ba abin wasa ba ne. Ta rasa uwa, tsoron rasa uba ne ya sa ta kuka. Amma ta yi gaggawar yanke wa injin hukunci, don alamun da ka faɗa na toshewa ne.

Iskar da yake zuƙa ita ke sanyaya shi. Jaka ta cika, ƙura ta liƙe yadin, iska ba ta wucewa, dole ya yi zafi. Ka zare wayar, ya huce sarai. Ka kifa shi ka duba buroshin ƙasa, na tabbata zarenka ya naɗe shi tam. Almakashi ai ba sai an ara maka ba. In yana da tiyo, jefa maɓalli ta baki ɗaya, in bai faɗo ta ɗayan ba, akwai abin da ya tokare. Sannan ku kai shi wurin mai gyaran kayan lantarki, kai da autar, ya duba boris ɗin da injin ke juyawa a kansa da wayoyin ciki. Kada a sake kunna shi kafin nan, kuma jinginawa da kujera ta ƙare.

Jakar kuwa, ka cire ta, ka zazzage ƙurar, kada ka wanke. Ka auna ta ka ɗinka wa injin sabuwa da yadi mai kauri, tsohuwar ka ninke ta cikin mayafin Mama. Ƙamshin a yadi yake, Baba. In ka bar injin ya ƙone da ita, ƙaurin waya ne abu na ƙarshe da za ka shaƙa daga jakar nan.

Ka kuma gaya wa autar abin da ka gaya mini, har da waƙar. Mai yiwuwa ta san baitinta. Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zukatanku.