Allo Biyu a Shagon Abdulwahid

Zuwa ga Zubaidatu, Ummu Wafa', sanyin idona, iskar teku mai shigo mini ta taga bayan la'asar, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Hoton jaririyar ya iso. Tun ranar ban bar kowa ya huta ba. Mai gasa burodin tamis na layinmu a Hindawiyya ya gan ta sau uku, liman kuma har ya roƙe ni in bari ya ƙarasa alwala. Sun sa mata sunanki, suna kiranta Lujain domin bakin Wafa' ba zai iya kiran sunan uwarta ba. Ga ni da Zubaidatu biyu, dukansu a Dammam, ni kaɗai a Jidda, wata huɗu ke nan. Jiya Wafa' ta gaya mini sun gyara miki ɗaki, suna so ki zauna gaba ɗaya, kuma ba ki ce a'a ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. A waya muryata karyewa take yi. Hannun nan kuwa, ko da yake bayan furfura ya koyi rubutu, yana kai magana ƙarshenta.

Kin tuna ranar da kika fara ganina? Kin zo bakin ruwa da yayarki sayen kifi, ni ina tsaye a cikin hurin babana, ɗan siririn kwalekwalen nan, ina tura shi da sanda. Daga baya kika ce mini ba fuskata kika duba ba, tsayuwata kika duba. Shekara arba'in da biyu ina riƙe da wannan magana kamar yadda ƙasa ke riƙe ruwan sama na farko.

To, ga abin da na aikata bayan tafiyarki. Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Na je bakin tekun Ubhur da safe, sai na ga mutane tsaye a kan alluna bisa ruwa, kowa da doguwar filafili, ƙananan igiyoyin ruwa suna turo su gaɓa a hankali. Zuciyata ta ce, Musbahu, ai wannan aikinka ne. Na ce zan koya kafin ki dawo, ki iske ni tsaye.

Na je shagon Abdulwahid mai sayar da allunan, wanda muka yi aikin jirgin ruwa tare. Ya ce da nauyin mutum ake zaɓen allo, ya tambayi nawa. Na ce kilo sittin da biyar, domin shi aka rubuta mini a takardar aiki shekarar aurenmu, kuma tun daga nan ban sake tambaya ba. Ya dubi cikina, ya sake tambaya, na maimaita. Sannan na nuna mafi siriri a shagon, mai tsinin baki, ƙafa takwas, domin a wurinmu masu huri siriri shi ne gwani, mai faɗi na masu ɗaukar kaya ne. Ya yi ta ba ni baki, na ce halas, magana ta ƙare, ni da teku ba yau muka saba ba.

Ya hasken gidana, da kin gani! Ina ɗora ƙafa allon ya nutse har idon sawuna. Igiyar da ba ta kai gwiwa ba, wadda da can ko kallonta ba na yi, ita ta kayar da ni sau goma sha ɗaya. Na sha gishiri har na ƙoshi. Da na koma, Abdulwahid ya ɗora ni a sikeli: casa'in da biyu. Kilo ashirin da bakwai sun hau kaina ban sani ba. Ta yaya zan sani? Ke kike ɗinka mini riguna, kina ƙara faɗi a ɓoye shekara bayan shekara, ni kuwa ina sawa ina cewa har yanzu jikina na saurayi ne. Wa zai auna ni in ba ke ba? Ko lambar takalmina ban sani ba, Zubaidatu.

Yanzu ya karɓi siririn, ya jingine mini allo biyu a bango. Na farko ƙafa goma ne, mai faɗi, mai kauri, bakinsa zagaye kuma a ɗan ɗage don kada ya soki ruwa. Ya ce shi ne daidai da ni da ƙananan igiyoyinmu: zai ɗauke ni, zai juya in na ce ya juya. Amma na mutum ɗaya ne. Na biyun ya fi tsawo da faɗi, nauyi gare shi, ba ya saurin juyawa, masu gwaninta ma dariya suke masa. Sai dai yana ɗaukar mutum biyu, ɗaya a tsaye a baya yana tuƙi, ɗaya a zaune a gaba da abayarta, ruwa yana taɓa mata yatsun ƙafa.

Sau uku ina zuwa shagon in tsaya tsakaninsu in dawo hannu wofi. Ba zan ce ki bar jikarmu ba, ina ni ina faɗin haka, alhali ni ma zuciyata tana can cikin zanen goyonta? Ba ni da hujjar da ta fi ta Wafa'. Abin da nake da shi kawai tsoho ne wanda bai san awon kansa ba, da wuri a gaban allo.

Ki aiko mini da kalma ɗaya, ƙarami ko babba. In kin ce ƙarami, zan ɗauka, ba za ki ji ƙorafi daga bakina ba. Amma ki sani na riga na tambayi Abdulwahid ko babban zai shiga motarmu. Ya ce zai shiga, in an kwantar da kujerun baya aka bar ta gaba.

Naki tun ranar farko, naki har ranar da za a ɗauke ni,
Musbahu, Abu Wafa'