Ɗinkin da ke Hammatata

Mount Isa, Talata

Zuwa ga Yaya Noeleen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Col. Yaya ƙafar tasa? Ni dai jiki da sauƙi, in ban da takaicin da kika ƙunsa mini.

Wai wa ya aike ki? Kin leƙo ni asibiti a Townsville, kin ga ɗinki a hammatata ban da na nono, shi ke nan kika yanke cewa sankarar ta bazu. Ba ki tambaye ni ba, ba ki tambayi likita ba, sai kika buga wa Tahlia waya kina kuka, wai ta zo ta yi bankwana da uwarta. Yarinya ta bar jarrabawarta ta ƙarshe a Brisbane ta hau jirgi!

To, buɗe kunnenki. Kafin aikin sun yi mini allurar wani ruwa shuɗi a nono, don su ga kaluluwar da zai fara isa a hammata, tunda ta nan ciwon zai fara bi in zai fita. Suka cire guda biyu, suka aika gwaji. Dubawa ce kawai, har yanzu ba wanda ya san komai. Shuɗin da kika gani a fatata har kika ce na fara sauya kama, rini ne, Yaya. Har fitsarina ya rine.

Kuma kada ki sake turo mini matan coci da kek.

Ƙanwarki,
Raelene

Mount Isa, Asabar

Yaya Noeleen,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida?

Sakamakon gwajin kaluluwar nan biyu ya fito. Ɗaya lafiya lau, ɗayar an sami ɗan ɓurɓushin ciwon. Kada ki kuskura ki ce ai kin faɗa. Ba ki faɗi komai ba, ihu kika yi. Likita ta ce ba sai an kwashe sauran ba, gudun kumburin hannu. Gashin ciwon da na'ura za a yi mini a can garinku Townsville, na 'yan makonni.

Tahlia ta dage sai ta zauna jinyata. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta koma, tunda makarantar ta yarda ta rubuta jarrabawar. Jiya na raka ta filin jirgi.

Ke kika ɗago ta, ke za ki maye gurbinta. Ki share mini ɗakin baya, ina tafe ranar Litinin. Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce.

Tsoro nake ji, Yaya. In kika gaya wa wani, ba ni ba ke.

Ki gaida Col.

Taki,
Raelene