Angona Ya Ce Sai Da Bindiga a Ƙugu

Anti Verna, ki taimake ni da shawara kafin murna ta zautar da ni. Aure zan yi! Ni da na haura sittin, mijina ya daɗe da rasuwa, na riga na sallama cewa daga ni sai kajina. Yanzu ko gishiri na je saya bakina ba ya rufuwa, har mai kanti ya tambaye ni ko lafiya.

Sunansa Hollis, makiyayin shanu ne a Farwell, can gefen Texas. Ni kuwa ina Texico, gefen New Mexico, layin dogo kawai ya raba mu. A wurin rawar tsofaffin sojoji muka haɗu. Mutumin nan ya iya taka rawa, Anti, ga gashin baki, ga ƙamshi. Da na ɗora hannu a ƙugunsa na ji wani abu mai tauri ƙarƙashin riga, sai tausayi ya kama ni, na ɗauka ƙarfen ciwon baya ne. Na dinga lallaɓa shi kada ya karye mini. Ashe bindiga ce. Da ya faɗa mini, dariya na yi har da hawaye.

To ga matsalar. A gefensu mutum na iya ɓoye bindiga a jiki ba lasisi, a namu kuwa dole sai da shi. A farfajiyar gidana za a ɗaura auren, kuma nan zai tare. Hollis ya kafe kai da fata cewa da ita zai zo ƙarƙashin kwat ɗin ango. Wai tun yana saurayi yake riƙe ta bai taɓa nuna wa kowa ba, garkensa na da nisa da 'yan sanda, kuma ɓarayi ba sa bin layin lasisi. Ya ce ta yaya taku ɗaya a kan ƙarfen jirgi zai mai da mutumin kirki mai laifi? In yana wannan bayani yana gyara hula, wallahi har sai na ji na yarda.

Sai dai yayana Orval, wanda zai ba da aurena, ɗan sandan gunduma ne. Ran da muka haɗu cin gasasshen nama da koren barkono, ya dubi Hollis ya ce, “Ango, in na ga tudu a kwat ɗinka, zan bari fasto ya gama, a yanka kek, sannan in sa maka ankwa.” Kowa ya yi dariya ban da su biyun. Na san Yaya, ko uwarmu ce ta yi gudu da mota sai ya tsayar da ita.

Na roƙi Hollis ya je ya yi kwas ɗin neman lasisi, a gwada harbinsa, a ba shi takarda a huta. Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Amma rannan ya jera gwangwani zai burge ni, duk harbin a ƙasa ya ƙare, ya ce rana ce ta kashe masa ido. Na tafa masa duk da haka.

Ina son mutumin nan kamar raina, kuma ba na son hoton aurena ya fito da ankwa. In matsar da bikin tsallaken layin dogo ne? Ko in ce ba lasisi ba aure? Tsoro nake ya ce to shi ke nan.

Amarya Mai Furfura, Texico

Amarya, barka da arziki, murnarki har ta shafe ni.

Hollis ba shirme yake faɗa ba. Mai zaman daji yana da haƙƙin kare kansa, kuma gaskiya ne mugu ba ya neman izini. Amma Orval ma yana da tasa. Bindigar da aka ɓoye, jama'a ba sa ganinta balle su yi hattara, shi ya sa jiharku ta ce wani ya duba mai ɗauke da ita a madadinsu. Wanda bai yarda da dokar ba ya je ya yi ƙuri'a, farfajiyar gidanki ba majalisa ba ce.

Kada ki matsar da bikin. Da an watse, gidanki zai dawo, doka kuma na nan.

Gwangwanin nan ne ya tsaya mini a rai. Ina zargin angonki kunya yake gudu, kada ya faɗi gwaji a gaban samari. Ki kai shi likitan ido, ki ce naki za a duba, shi ma ya zauna a kujerar. Wanda ba ya ganin gwangwani bai kamata ya zaro bindiga cikin mutane ba, da lasisi ko babu. Bayan ya samu tabarau, ku shiga kwas ɗin tare. Ki kuma ja kunnen Yaya ya daina tsokana a bainar jama'a, yana ƙara masa taurin kai ne.

Takardar ba lallai ta fito kafin biki ba, don haka roƙo ɗaya za ki yi, ku biyu kawai, ba barazana: ranar aure ya kulle ta a Farwell. Ina kyautata zaton zai yarda. In kuwa ya ce ba zai iya rabuwa da ita na yini guda saboda ke ba, zai yi ciwo, amma gara ki ji amsar nan tun kafin fasto ya yi tasa tambayar.

Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya.

Anti Verna