Fedar Gangar Baba

Limawa, Dutse.

Zuwa ga Yayana Saifuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Safina da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya, sai dai raina a ɓace yake. Na kira ka har na gaji ba ka ɗaga ba, shi ya sa na rubuto.

Ka san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, likitan gashin ƙashi ya ce sai ya riƙa motsa ƙafar dama. Ka kuma san Baba da taurin kai. Na yi lallashi, na yi kuka, ya ce shi ba jariri ba ne da za a koya masa tatata. To wasan gem na gangunan roban nan da ake haɗawa da talabijin, wanda ka bari a gidan saboda jikoki, shi ya yi abin da ya gagare mu. Yana zaune a falo yara suna bugawa, sai ya lura duk lokacin da layi ya gifta a allo sai an taka feda. Ya ce sun cika nawa, a miƙo masa. Ranar farko da hannu na ɗora masa ƙafar a kai. Kafin damina ta faɗi, Yaya, Baba yana kai waƙa ƙarshe, yana gumi, yana dariya. Har ya fara dogara sanda zuwa zaure, yana cewa ya kusa zuwa masallaci da ƙafarsa.

Sai ga wansa, Baffa Jaji, daga Ringim, da baƙi biyu, wai dubiya. Ya tarar da Baba riƙe da sandunan kiɗa. Ko zama bai yi ba ya hau salati, ya ce, "A zuri'armu babu maroƙi! Da furfurarka za ka zubar mana da mutunci?" Na buɗe baki zan yi bayani ya ce in rufa masa baki. Ya ɗaga dunduniya ya sauke wa fedar, ta rabe biyu.

Baba ya sa aka mayar da shi ɗaki ya juya fuska ga bango. Yau mako guda ko zaure bai leƙa ba.

Na duba duk shagunan Dutse babu irinta. Don Allah ka nemo mana a can ka aiko da gaggawa. Ga hotonta nan na haɗa.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiyya.

Limawa, Dutse.

Yaya Saifuddeen,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ya jikin Anti Safina da na ji ta yi zazzaɓi? Allah Ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso. Da na ga girman kwalin na ɗauka sabbin ganguna ka saya gaba ɗaya, har na yi maka addu'a. Muntaka maigidana ya yanke igiya, sai ga keken guragu.

Haba Yaya! Na roƙe ka abin da zai tashi Baba, ka aiko da abin da zai zaunar da shi? Na ji labarin Baffa ya kira ka, kuma shi ka ɗaga masa waya. Na ji ka ce masa gaskiyarsa ce, dama wasan na yara ne. Kai da rabonka da ganin Baba tun Sallah! Ba ka taɓa ɗaga ƙafar nan ka ji nauyinta ba. Ba ka ga idonsa ranar da na ɗora shi a kan bo don ya yi bayan gida ba, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ratsa dajin Garki a babur yana yi wa shanu allura. Lokacin da ake wannan ina mutuncin zuri'a yake? Wa ya zo daga Ringim ya kama mana?

Kuma Baba ya ga keken. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ko likita ne ya ce ya gama tafiya ke nan ake ɓoye masa. Na rantse masa ba haka ba ne, ban ga alamar ya yarda ba. Ƙafar ta fara kumburi, abincin ma sai an yi da gaske.

Mun kai fedar wajen mai walda ya ce roba ba aikinsa ba ce. Muntaka ya liƙe ta da gam, taku ɗaya ta sake rabewa. Ba zan ƙara roƙonka ba. Jibi da kaina zan tafi Kano.

Ban rubuto don in yi maka rashin kunya ba, kai babba ne. Amma wallahi ka ɓata min rai.

Ka huta lafiya.

Hadiyya.

Limawa, Dutse.

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya yara, ya makaranta? Na ga kiranka sau da yawa. Ban ɗaga ba don ka ji yadda abin yake.

Na je Kano. Na wuni ina bin shaguna a Sabon Gari da karyayyiyar feda a leda. Wasu suka yi min dariya, wani ya miƙo min ta keken ɗinki. Sai dab da la'asar wani mai kayan gwanjo ya tono min ita a ƙasan buhu, ta sha ƙura amma lafiyarta lau, har da farantin ƙarfe a bayanta. Na ce ya taka ta a gabana da dukkan ƙarfinsa kafin in karɓa.

Na dawo na haɗa ta, yara suka gwada, tana aiki. Baba ya ƙi ko kallonta. A nan na gane ba roba kaɗai Baffa ya karya ba. Ban lallashe shi ba wannan karon. Na tsaya a kansa na ce, "Baba, ni na kasa gane kunyar da ke cikin mutum ya nemi ƙafar da zai je masallaci da ita." Na sa aka shigar masa da gangunan da talabijin ɗin cikin ɗakinsa, na fice ina kuka.

Shekaranjiya ina wanke-wanke na ji dum, dum, daga ɗakin. Ya sa an ja masa ƙofa, an rage ƙarar talabijin. Na yi murna, na kuma ji takaici: dattijo yana ɓuya a gidansa don ya yi jinyar kansa. Wannan alhakin yana wuyan Baffa, kai ma kana da kasonka.

Yau da safe ya fito zaure da sandarsa, yana jan ƙafar amma shi kaɗai. Ya kira Muntaka ya sa shi ya mayar da kekenka cikin kwalinsa, ya kai tasha a ba motar Ringim. Muntaka ya tambayi me za a ce wa Baffa. Baba ya ce, "Ka ce ƙaninsa na gaishe shi. Ya ajiye wannan, shi ya girme ni."

In kana son jin amsar Baffa, kira shi. Na san shi kana da lambarsa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Hadiyya.